MU GYARA DA KANMU: In Kwamfuta Ta Yi Barci Ta Ƙi Tashi

A watan jiya mun yi alkawari za mu yi zancen fankar sola, amma wani abu ya same mu a makaranta wanda ya sa muka ɗaga wancan zance zuwa gaba. Wasiƙu biyu kuma sun iso mana a kan irin wannan matsala, ɗaya daga Gagarawa, ɗaya daga Sule Tankarkar, kowanne yana kuka kwamfutarsa ta mutu. Da muka karanta bayaninsu, muna kyautata zaton ko ɗaya ba ta mutu ba.

Ga abin da ya faru a wurinmu. Ranar Laraba ce, ana gobe za a ba da hutu. Mu a nan ƙasar Gumel mukan so mu raba takardun sakamako ran Alhamis, gama ita ce ranar kasuwar Maigatari. Iyayen da ke ƙauyuka sukan biyo ta makaranta su karɓi na 'ya'yansu, sa'an nan su wuce kasuwa da kuɗin mota ɗaya. Wata malama sabuwar ɗauka ta zauna tun da aka tashi yara, tana shigar da makin aji uku a kwamfutar makaranta. Ita kaɗai ce muke da ita, 'yar tafi-da-gidanka ce ta hannu da aka sayo a Kano. Wajen ƙarfe 4 aka aiko mata daga gida, jaririnta ya ƙi yin shiru. Ta rufe murfin kwamfutar ta tafi. Da ta komo bayan sa'a guda ta ɗaga murfi, sai baƙin gilashi. Ta danna nan, ta danna can, ko motsi.

Ta same mu a gindin darbejiya muna duba littattafan yara, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Malam, na lalata kwamfutar makaranta." Muka ce, "Malama, kin adana aikin kafin ki rufe?" Ta sunkuyar da kai, ba ta ce kome ba.

Kafin mu isa ofis mutum uku sun riga mu, kowa da maganinsa. Ɗaya ya ce a danne maɓallin kunnawa har ta mutu, a sake kunnawa. Ɗaya ya ce a zare batir. Na uku ya ce gobe da asuba a sa ta a mota a kai wa mai gyara ya yi mata fomatin. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana iya ta da kwamfutar. Amma kowannensu zai hallaka aikin sa'a uku na malamar nan, na ukun ma zai haɗa da sakamakon shekarun baya, garin neman gira a rasa ido. Muka roƙe su kada kowa ya taɓa ta tukuna.

Bari mu tsaya a nan mu bayyana abin da ake nufi da barcin kwamfuta, gama wanda bai gane wannan ba zai yi ta lalube cikin duhu. A cikin kowace kwamfuta akwai ma'aji iri biyu. Na fari shi ne rumbu, wanda masu gyara suke kira had-dis, ko sabon samfurinsa SSD. Abin da ka sa a rumbu yana nan, ko da wuta ko babu. Na biyu shi ne ram, inda aikin da kake yi yanzu-yanzu yake shimfiɗe. Ram yana da sauri ƙwarai, amma ba ya riƙe kome sai da wuta. In wuta ta yanke masa ko na ƙiftawar ido, abin da ke cikinsa ya tafi ke nan.

Ka dubi ɗan tireda a kasuwar Maigatari. In rana ta take, ciniki ya lafa, yakan ja buhu ya rufe kayansa a kan tebur ya kishingiɗa a gefe. Mai saye ya yi sallama, sai ya yaye buhu, ciniki ya ci gaba nan da nan. Wannan shi ne barci, abin da za ka ga an rubuta Sleep. Kayan suna waje, suna bukatar tsaro, mai tsaron kuwa shi ne 'yar wutar da batir yake ba ram. In magariba ta yi, ɗan tiredan yakan kwashe kayan ya jera su cikin akwati yadda suke a tebur, ya kulle a shago. Gobe zai ɗan jima kafin ya gama shimfiɗa, amma kome yana wurinsa, ba ruwansa da maigadi. Wannan shi ne dogon barci, watau Hibernate. Kwamfuta takan kwafe duk abin da ke cikin ram ta zuba a rumbu, cikin wani babban fayil mai suna hiberfil.sys, sa'an nan ta yanke wuta ɗungum. Na uku shi ne kashewa, Shut down. An tashi kasuwa, an share rumfa, abin da ba ka adana ba ya bi shara.

Wannan tsari ba na jiya ba ne. A shekarar 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da wata ƙa'ida mai suna ACPI, suka ba kowane mataki lamba. S0 ita ce kwamfuta a farke, S3 barci, S4 dogon barci, S5 a kashe. Daga baya, tun daga Windows 8 ta 2012, aka soma ƙera waɗansu da wani irin barci mai kama da na wayar hannu, wanda a Windows 10 ta 2015 aka sa wa suna Modern Standby. Irin waɗannan sukan kashe gilashi su rage aiki, amma kunnensu yana buɗe, suna iya tashi su yi 'yan ayyuka ba da saninka ba.

Shi kuwa tashi daga barci ba aikin abu ɗaya ba ne. Gilashi, da madannai, da rumbu, da abin kama intanet, kowanne yana da ɗan shirin da ke tuƙa shi, masu gyara suna ce masa direba. Dole kowane direba ya ta da nasa. In direban gilashi ya makara, kwamfuta ta farka sarai, aikinka yana nan cikin ram, amma fuska baƙa ƙirin, kamar mutumin da ya farka bai buɗe ido ba. Sau da yawa abin da ake kira mutuwar kwamfuta wannan ne kawai.

To, mu koma ofis. Abu na fari da muka yi shi ne muka sa caja. Ba a taɓa maɓalli ko ɗaya ba sai da muka ga fitilar caja ta kama. Dalili a fili yake, makin yaran nan yana cikin ram, ram kuwa yana rataye da batirin da ba mu san abin da ya rage masa ba. Babu wutar gari a lokacin, sai aka ta da ƙaramin janareta. Wani ya yi gunaguni a kan kuɗin mai, muka ce masa ya lissafa kuɗin motar iyaye in sun zo gobe suka koma hannu wofi.

Sa'an nan muka dubi 'yar fitilar da ke kusa da maɓallin kunnawa. A yawancin kwamfutoci, in tana ƙiftawa a hankali, barci take yi, ram yana da wuta. In ta tsaya cik tana haske, kwamfutar a farke take. In babu haske ko kaɗan, ko dai a kashe take, ko tana dogon barci, ko batir ya ƙare. Tamu tana haske ba ƙiftawa. Muka kara kunne, muka ji fanka tana juyawa. Muka danna maɓallin Caps Lock, 'yar fitilarsa ta kama, muka sake dannawa, ta mutu. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, amma yana gaya maka abu babba, watau ƙwaƙwalwar kwamfutar tana ji, tana kuma amsawa. Muka ce wa malamar ta share hawaye, makinta yana da rai.

Da a ce fitilar ƙiftawa take yi, da sai mu taɓa maɓallin kunnawa sau ɗaya, taɓawa kawai ba dannewa ba, mu naɗe hannu mu jira minti ɗaya ko biyu. A nan mutane da yawa suke cutar kansu. A kwamfutoci da dama an saita maɓallin nan ya zama shi ne kuma mai sa barci. Ka taɓa, ta soma tashi, ka ga ba ta yi sauri ba, ka sake taɓawa, ka mai da ita barci da hannunka. Haka za ku yi ta yi har ka rantse ta lalace. Tsohuwar kwamfuta mai rumbu mai juyawa ba ta san gaggawa ba.

Da muka tabbata matsalar ta gilashi ce, muka danna maɓallin ƙara haske, ko yaro ya rage shi har ƙasa. Babu canji. Muka rufe taga, muka haska tocilar waya a jikin gilashin ta gefe. In fitilar da ke bayan gilashi ce ta mutu, za ka hangi inuwar rubutu dishi-dishi. Ba mu ga kome ba. Sai muka haɗa maɓallai huɗu lokaci guda, mai hoton taga, da Ctrl, da Shift, da harafin B. Wannan yakan sa Windows ta sake ta da direban gilashi ba tare da taɓa aikinka ba. Kwamfutar ta yi ɗan ƙara guda, alama ta ji umarnin. Sau da yawa a nan hoto yake komowa. Ran nan bai komo ba.

Saura dabara ɗaya. Muka ɗauki kwamfutar, murfi a buɗe, muka nufi gidan hedimasta da ke cikin harabar makaranta, ana biye da mu da janareta kamar masu kai amarya. Muka zare wayar HDMI daga dikoda muka soka a kwamfutar, muka juya talabijin zuwa wannan tashar. Sai ga wurin sa kalmar sirri ya fito a talabijin. Malamar ta shiga, ga jadawalinta har sunan yaron da ta tsaya a kansa. In ka yi haka hoto bai fito ba, ka danna mai hoton taga tare da harafin P, shi ne ke zaɓen inda hoto zai tafi. Muka ce, "Malama, kafin ki yi godiya ga kowa, danna Ctrl da S." Ta danna. Muka kwafe fayil ɗin a filas, muka kuma aika shi cikin wayarta.

Sai bayan wannan muka yi abin da mutum na fari ya ce tun da farko. Muka sa ta ta sake tashi daga tushe, gilashinta ya kama lafiya lau. Shawararsa ba banza ba ce, lokacinta ne bai yi ba. In ka gwada duk abin da muka ambata, Caps Lock ma ba ya amsawa, to, babu makawa, sai ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 zuwa 15 har fitila ta mutu, ka ɗan jira, ka kunna. Ka sani dai abin da ke cikin ram ya tafi. Word da Excel sukan ajiye kwafin gaggawa kowane minti 10 in ba a canza saitinsu ba, kuma sukan nuna maka shi in ka sake buɗe su. Mun ga ranar da wannan ya ceci mutum, mun kuma ga ranar da aka buɗe ba a tarar da kome ba.

Me ya sa wannan ciwo ya yi yawa a wajenmu? Waɗanda suka tsara barcin kwamfuta sun yi shi ne da tunanin ɗaki mai sanyi, da wuta wadda ba ta yankewa, da sabon batir. Mu kuwa yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, batirinsu ya riga ya ci rabin ransa a wata ƙasa kafin ya iso mu. Bisa ga tsari, in batir ya kusa ƙarewa kwamfuta takan farka da kanta ta kwashe ram zuwa rumbu, watau ta mai da gajeren barci dogo. Amma tsohon batir maƙaryaci ne. Zai ce maka saura kashi 30, bayan minti biyu ya faɗi ƙasa warwas, kwamfutar ba ta sami sukunin kwashe kome ba. Wanda yake so ya san gaskiyar batirinsa, ya buɗe baƙin akwatin umarni da ake kira Command Prompt, ya rubuta powercfg /batteryreport. Za ta fitar masa da takarda mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yau. In na yau bai kai rabin na fari ba, kada ka ba shi amanar aikinka. A wuri guda kuma, in ka rubuta powercfg /a, za ta gaya maka irin barcin da kwamfutarka take iya yi.

Sai zafi. Yawancin masu ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka suna rubuta cewa a yi aiki da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A Gumel da Maigatari, watan Afrilu da Mayu, ma'auni yakan haura 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano. Ka rufe murfi ka cusa ta cikin jaka ka hau mota zuwa Kano, tafiyar kilomita wajen 120. In mai sabon irin barcin nan ce, ko kuwa linzamin da ka bari a soke ya motsa, sai ta farka cikin jaka, ba iska, ta yi ta dahuwa har ta kashe kanta don tsira ko batir ya ƙare. Ka isa ka buɗe jaka ka ji ta kamar dutsen guga. Irin wannan a bar ta ta huce rabin sa'a a inuwa kafin a gwada kunnawa, kada kuwa a sa ta a firji, gama raɓa za ta taru a cikinta. Ƙurar hunturu ita ma tana da nata rabo. Takan toshe hanyar iskar fanka, ta kuma kwanta a bakin ram. Sau ɗaya a shekara, bayan hazo ya wuce, ya kamata wanda ya iya ya buɗe ya hure ta.

Kwamfutar tebur ba ta da batir ko kaɗan, saboda haka barcinta a garin da wuta take zuwa tana tafiya ganganci ne, sai in akwai UPS. Tun Windows Vista ta 2007 akwai wani gauraye da ake kira Hybrid sleep, wanda yake ajiye aiki a ram da rumbu gaba ɗaya, domin irin wannan rana. Mai kwamfutar tebur ya duba ko a kunne yake. Mai wasiƙa daga Gagarawa, wanda ya ce yana girgiza linzami ba ta tashi amma maɓallin kunnawa yana ta da ita, ka fara canza batirin linzamin in maras waya ne. In ba shi ba ne, ka shiga Device Manager, ka nemi linzamin, a shafin Power Management ka sa alama a layin da ya ba shi izinin ta da kwamfuta.

Mu dai ga abin da muka yanke a makaranta, muna kuma ba kowane gida shawararsa. Mun shiga Control Panel, muka buɗe Power Options, muka zaɓi layin da ya ce Choose what closing the lid does, muka mai da shi Hibernate, ko tana kan caja ko tana kan batir. Yanzu duk wanda ya rufe murfi, aikinsa rumbu yake tafiya. Gaskiya ne tashinta ya ƙara jinkiri da 'yan daƙiƙoƙi, waɗansu matasan malamai suna tsaki. Mu a ganinmu wanda zai iya jiran mota ta cika a tasha zai iya jiran wannan. A shafin nan kuma akwai wani abu mai suna Fast startup, wanda ya zo da Windows 8. In yana kunne, kashewa ba cikakkiyar kashewa ba ce, ana ajiye wani sashe a rumbu domin a tashi da sauri, har da direban da ya rikice. Abin da ya sa ke nan Restart yake warkar da abin da Shut down bai warkar ba. Muka kashe shi. Da aka sami intanet mai ƙarfi kuma muka sauko da sabon direban gilashi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, tun daga ran nan baƙin gilashin bai komo ba.

Akwai kuma wani irin barci wanda ba na sa'a guda ba ne, na watanni ne, kuma shi ne na mai wasiƙa daga Sule Tankarkar. Tun da JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta a 2015, gidaje da yawa sukan yi ƙoƙari su saya wa yaro 'yar kwamfuta ya koyi dannawa. Ya gama jarrabawa, a naɗe ta a zane a sa a akwati sai ƙanensa ya kai. Ranar da aka fito da ita, shiru.

Mun ga irin wannan a wurin wani maƙwabcinmu, dattijo mai fataucin riɗi da zoɓo, wanda yake da shago a Maigatari ba nisa da yankin ciniki maras haraji na kan iyaka, wanda aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki. Ɗansa ne yake rubuta masa lissafi a kwamfuta, wa ya karɓi buhu nawa, wa ya biya, wa ya saura, har da abokan cinikinsa na Dungas da Damagaram. Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli 2023, aka rufe kan iyaka, ciniki ya tsaya cik. Mutanen Maigatari sun san ɗacin wannan, gama sun sha shi daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Yaron ya rufe murfin kwamfuta kamar yadda ya saba kowace yamma, ya sa ta cikin akwatin ƙarfe a shago, ya tafi neman wani abin yi. Ba a sake buɗe ta ba sai watan Maris 2024 da aka buɗe iyaka. Wata bakwai ke nan.

Dattijon ya zo mana da ita a naɗe cikin darduma. Ya ce, "Malam, an ce kana taɓa irin waɗannan. Na kai ta wani wuri, an ce mini sai an wanke ta duka an zuba sabon abu. Na ce in an wanke, bashina fa? Aka ce wannan sai haƙuri." Muka ce, "Alhaji, ka yi daidai da ka ɗauko abarka. Zauna mu gani."

Abin da ya same ta ba wuya a gane shi. Rufe murfi barci ne, barci kuwa yana shan batir a hankali, cikin 'yan kwanaki ya shanye shi. Daga nan batirin ya zauna wofi wata da watanni cikin zafi. Batirin litiyam ko ba a aiki da shi yana tsiyaya kaɗan-kaɗan. Kowane ƙwaya a cikinsa yana aiki ne wajen bolt 3.6 ko 3.7, in ya faɗi ƙasa ƙwarai, akwai wani ɗan mai tsaro a cikin batirin da yakan hana caji shiga, domin cajin irin wannan ƙwaya yana iya kawo gobara. Wannan ba ciwon da fomatin yake warkarwa ba ne. Fomatin rumbu yake sharewa, rumbu kuwa shi kaɗai ne lafiyayye a cikinta.

Muka sa ta a caja sa'a guda, gama wani batirin yakan farfaɗo in an yi masa haƙuri. Bai farfaɗo ba. Muka zare caja, muka cire batirin, muka danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30 domin sauran wutar da ta maƙale a ciki ta fita, sa'an nan muka mai da caja kaɗai ba batir. Fanka ta juya. Sai wani rubutu ya fito yana cewa kwanan wata ba daidai ba ne. Wannan aikin wani ɗan batir ne mai kamar kwabo, yawanci CR2032 mai bolt 3, wanda yake riƙe agogon kwamfuta. In ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya, shafuffukan intanet kuma su ƙi buɗewa suna cewa ba su amince ba. Muka gyara kwanan wata da hannu, Windows ta hau. Batirin da muka cire, da muka aza shi a kan tebur sai muka ga ba ya kwanciya daidai, cikinsa ya ɗan kumbura. Irin wannan kada a huda shi, kada a jefa shi a wuta ko a bar wa yara, kada kuma a yarda wani ya ce zai tashe shi da wayoyi.

Ko da a ce kwamfutar ta ƙi tashi sam, da ba mu fid da rai ga lissafin ba. Ana iya zare rumbu a sa shi cikin ɗan gida mai wayar USB a karanta shi a wata kwamfuta, in ba irin wanda aka like a jikin allon inji ba ne. Saboda haka in za ka kai taka wurin mai gyara, ka ce masa tun a bakin ƙofa, "Kada ka share kome sai ka kwafe mini fayilolina na gani da idona." Masu gyara na kirki, suna nan da yawa, ba sa jin haushin wannan magana. Abu ɗaya ne yake iya hana ruwa gudu. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle rumbu da wani makulli mai suna BitLocker, wanda mabuɗinsa lamba 48 ne, yawanci yana ajiye cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. In mai shago ne ya saita maka da nasa asusun, ka koma ka karɓi lambar nan tun kwamfutar tana lafiya, ka rubuta a takarda.

Wanda zai ajiye kwamfuta fiye da mako biyu, ya kashe ta cikakkiyar kashewa, watau ya riƙe Shift sa'ad da yake danna Shut down. Ya bar batir wajen rabi, ba cike ba, ba wofi ba. Ya nemi wuri mafi sanyi a gidan, ɗakin ƙasa ya fi na kwano, ya kuma riƙa fito da ita kowane wata ɗaya ko biyu ya ɗan ba ta caji.

Shi dai Alhaji ya aika Kano aka sayo masa batir da ɗan kwabon agogo. Ya sa aka buga masa lissafin duka a takarda, shafi tara, ya zauna a zaurenmu yana bi da yatsa ɗansa yana karanta masa. Da suka kai shafi na bakwai sai ya yi dariya ya ce, "Malam, waɗanda nake bi bashi da ma ban manta da ko ɗaya ba. Ashe akwai buhu goma sha biyu na wani mutumin Dungas a kaina, shi ma wannan abar ba ta manta ba." Alhamis ta gaba ya tafi da kuɗin a aljihu.

Zancen fankar sola sai wata mai zuwa. Mai wasiƙa daga Sule Tankarkar, ka rubuto mana ko fitilar caja tana kamawa in ka cire batir.